Masu Hawan Igiyar Ruwa A Tsibirin Owahu

A tsakiyar Tekun Pasifik akwai tsibirin Owahu, ɗaya daga tsibiran Hawai na Amurka, wanda duwatsu masu aman wuta suka haifar tun fil azal. A gaɓarsa ta arewa samari kan tsaya bisa allo su hau igiyar ruwa kamar barde bisa ingarma.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu guguwar hunturu takan turo igiyoyi daga nisan dubban mil. Da yake tsibirin daga ruwa mai zurfi ya taso, ba abin da ke rage musu ƙarfi kafin su iso gaɓa. A wurin da ake kira Pipeline igiya takan naɗe kamar tabarma bisa duwatsu masu kaifi, ga ruwan ba zurfi. Gwanaye da dama sun rasu a nan.

A mashigin Waimeya ake gasar tunawa da Eddie Aikau, mai ceton masu nutsewa, wanda ya ɓace a teku cikin 1978 da ya tafi neman agaji bayan jirginsu ya kife. Ba a buɗe gasar sai igiya ta kai ƙafa 40, shi ya sa shekaru kan wuce ba a yi ta ba.