Hanyar Makka Ta Riga Ofishin Jakada

Ɗaliban da ke nazarin harkokin waje a jami'o'inmu an saba koya musu cewa hulɗa tsakanin ƙasashe aikin gwamnatoci ne, kowace tana kare moriyarta gwargwadon ƙarfinta. Wannan ra'ayi daga tarihin Turai ya samo asali. Amma wanda ya zauna da dattawan Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano, zai ji wani irin tarihi dabam, inda talakawa ne suka share hanya, hukuma kuwa ta biyo sawunsu.

Tun kafin zuwan mota, maniyyata daga ƙasar Kano kan kama hanyar gabas a ƙasa, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, suna noma da ƙwadago a hanya don neman guzuri. Wani kan shekara biyar ko fiye kafin ya dawo, wani kuwa can ya yi aure ya zauna. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'arsa, suka kafa gari a bakin Kogin Nilu, wanda ake kira Mai Wurno. Watau zumuncin Hausawa da Sudan da Hijaz ya ƙullu tun babu ƙasar da ake kira Nijeriya mai mulkin kanta.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, shugabanni suka ɗora a kan wannan harsashi. Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, yana cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar Rabiɗa da su a Makka cikin 1962. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Daga baya kuma ɗan Kabo, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ta koma ta 'yan sa'o'i.

Sai dai wannan hanya tana da ƙaya. Nijeriya ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, kuma da ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986 ba tare da an shawarci jama'a ba, gardama ta kaure ƙwarai. Darasin da ke nan shi ne, zumuncin da mutane suka ƙulla da ƙafarsu dukiya ce, amma in gwamnati za ta mai da shi manufar ƙasa, wajibi ne ta bayyana wa kowane ɓangare amfaninsa. Ma'aikacin da zai wakilci Nijeriya a Jidda ko Khartum ya kamata ya san labarin waɗannan matafiya kamar yadda ya san dokokin jakadanci, domin zuriyarsu ce zai tarar a ƙofar ofishinsa.