Ba Kowace Ƙiriniya Ce Hana Alawa Ke Magancewa Ba

A Lugbe, in malama ta kira uwa ta ce ɗanta ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa aikin aji, kullum ya yar da fensiri, shawarar da za ta tarar a gida sananniya ce: a hana shi alawa da lemon kwalba, a ƙwace waya, a riƙa kwantar da shi da wuri. Magani kuwa? "Haba Maman Abba, so kike ki mai da shi ɗan ƙwaya?"

Ban ga laifin masu wannan tsoro ba. Duk wanda ya ga ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu kafin a haramta shi a 2018, dole ya yi taka-tsantsan. Shawarar barci ma tana kan hanya. Yaron da ake tasa tun asuba don a tsere wa cunkoson hanyar filin jirgi, ina zai samu natsuwa a aji?

Sai dai larurar da likitoci ke kira ADHD ta wuce ƙiriniyar yarinta. Tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, kuma galibi gadonta ake yi. Sukarin da ake ɗora wa laifi, a 1995 an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, ba a ga ya canja halin yara ba. A wani binciken Amurka na 1999, an bi yara 579 tsawon wata 14, sai aka tarar waɗanda suka sha magani bisa kulawar likita sun fi samun sauƙi a kan masu horon ɗabi'a kaɗai. Shansa bisa ƙa'ida bai nuna yana ƙara haɗarin shaye-shaye ba. Larurar ce da kanta ke ƙara shi.

Magungunan larurar, Ritalin da ire-irensa, suna da illa, kamar rage cin abinci da hana barci, don haka ba abin saye a kemis bisa shawarar maƙwabciya ba ne. Ɗan ƙasa da shekara 6 ma, iyayensa ake fara koya wa dabarun tafiyar da shi.

Iyaye, a gyara barci, a rage waya. In wata da watanni sun wuce ƙorafin na nan, a gida da makaranta, ku ajiye bulala ku kai yaron sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada a duba shi.