BAYANI: Yadda binciken Farfesa Hadiza Galadanci zai iya ceton masu jego a ƙauyukan Shanono

Ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi rabin lita take ɗauka. A ƙa'idar likitoci, macen da ta zubar da jini daidai wannan leda bayan haihuwa ta shiga haɗari, wadda ta zubar da leda biyu kuwa ranta ake ƙoƙarin cetowa. Matsalar ita ce jinin haihuwa ba ya taruwa wuri guda a auna shi. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya bi ƙasa, ungozoma kuma ta kimanta da ido. Kafin a farga, mai jego ta fara ganin jiri, tafin hannunta ya yi fari.

Wannan ɓoyayyen lissafi na cikin abubuwan da Farfesa Hadiza Shehu Galadanci ta shafe shekaru tana fama da su. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1987, lokacin da ake ƙirga likitoci mata 'yan Arewa da yatsu, kuma ita ce mace ta farko da aka horas a Kano ta zama ƙwararriyar likitar mata da haihuwa. Tana aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tana koyarwa a Jami'ar Bayero, inda take shugabantar cibiyar nazarin lafiyar al'umma da ake kira ACEPHAP. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya a duniya.

A birni take zaune. Amma matan da mutuwar haihuwa ta fi ɗauka na karkara ne, kuma can yawancin aikinta ya fuskanta.

Daga asibitocin karkara goma zuwa ƙasashe huɗu

A 2008 ta shiga wani aiki da ƙungiyar Rotary ta tallafa, tare da likitocin Jamus, a asibitocin karkara guda goma na jihohin Kano da Kaduna. Abin da aka yi bai da wani ƙyalli: a rubuta kowace haihuwa, a rubuta kowace mutuwa da dalilinta, a zauna lokaci-lokaci a duba alƙaluman, a gyara abin da ya lalace. A rabin farko na 2008 mata 1,790 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a waɗannan asibitoci. Zuwa rabin ƙarshe na 2009 adadin ya sauko 940. Tana kuma cikin likitocin da suka gwada wata rigar roba mai matse ƙafafu da ciki, wadda ke mayar da jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa domin macen da ta galabaita ta jure har a samu jinin da za a ƙara mata.

Aikin da ya fitar da sunanta duniya shi ne gwajin da ake kira E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shirya, ita kuma ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a watan Mayun 2023.

Dabarar kashi biyu ce. Na farko wata shimfiɗar leda ce da ake sa wa mace a ƙarƙashinta da zarar ta haihu. Tana da aljihu mai tsini da aka yi wa layukan awo, jinin ya taru a ciki, kowa ya ga inda ya kai. Na biyu shi ne abin da ake yi idan ya kai layin haɗari. A da, ma'aikaciya kan gwada magani ɗaya, ta jira ta gani, idan bai yi ba ta gwada na gaba, alhali kowane jira jini ne. Sabon tsarin ya ce a haɗa su duka a lokaci guda: a murza mahaifa ta saman ciki don ta tsuke, a yi allurar oksitosin, a ba da tiranezamik asid mai taimaka wa jini ya daskare, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, idan abin ya ƙi a kira na gaba ba tare da ɓata lokaci ba.

A asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya, kusan rabin matan da suka zubar da jini ne kawai aka gano. A inda aka shimfiɗa ledar, an gano fiye da kashi 90 cikin 100. Zubar jini mai tsanani, da tiyatar gaggawa, da mutuwa saboda jini, idan aka haɗa su, sun ragu da kashi 60 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin tsarin, duk an daɗe da sanin su. Kafin 2023 ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin shawarwarinta.

Girman abin sai an dubi alƙaluman ƙasa. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kimanin 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na sahun gaba a cikin dalilan.

Inda gizo ke saƙar

An yi gwajin ne a manyan asibitoci masu likita da ɗakin tiyata. Mafi yawan matan Kano kuwa ba a nan suke haihuwa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin haihuwa ɗaya cikin biyar ce ake yi a asibiti a jihar, sauran a ɗaki.

Ɗauki Shanono, ƙaramar hukumar da ke iyaka da Jihar Katsina, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin 140,000. Ƙasa ce ta noma, ƙauye na kallon ƙauye, amma kusancin gidaje bai rage nisan asibiti ba. Matar da naƙuda ta kama da dare a Faruruwa ko Kokiya ko Alajawa, jinkiri uku ke gabanta. Akwai na cikin gida: kunyar haihuwar fari, jiran izinin maigida da wataƙila ya tafi cirani, da kuma tsohon zancen cewa jinin haihuwa ƙazanta ne, gara ya fita. Akwai na hanya: neman babur ko mota, kuɗin mai, laka idan damina ce. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, fitar dare ma ta zama abin shawara. Sai na uku, wanda ya fi ciwo, a isa asibitin a tarar da shi a kulle, ko babu wuta, ko babu jini, a ce a wuce Gwarzo ko Kano. Mai zubar jini kuwa tana iya cikawa cikin awa biyu.

Ko maganin ma yana da nasa sharaɗi. Oksitosin na buƙatar sanyi, idan ya daɗe a zafi ƙarfinsa kan ragu, kuma firijin da babu lantarki akwati ne kawai. Shi ya sa wata likitar, Clara Ejembi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta jagoranci gwajin raba ƙwayar misofurostol ga masu haihuwa a gida a wasu garuruwan kewayen Zariya. Ƙwayar ba ta neman firiji ko allura. Tana rage haɗari, amma ba ta ɗinke yagewa, ba ta ƙara jini.

Duk inda aka zaga, wuri ɗaya ake dawowa: wace ce za ta shimfiɗa ledar da ƙarfe biyun dare? A ƙauyen Hausa dole ta zama mace, domin magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu, matan ma ba sa so. Dole kuma ta zama mai kwana a garin. Shirin ungozomomi na tarayya da aka fara a 2009 ya tura ma'aikata karkara, amma rashin biyan alawus da rashin masauki suka sa da yawa suka tattara suka koma. Shirin horas da mata ma'aikatan lafiya da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya bi wata hanyar: gari ya zaɓi 'yarsa, a yi mata shekarar share fage, ta shiga makarantar ungozoma, ta dawo gida ta yi aiki. A ganina wannan ta fi kama hankali, don wadda iyayenta ke garin ba ta neman canjin wurin aiki bayan wata uku. Sai dai shiri ne na tallafi, kuma tallafi yana da ranar ƙarewa.

Kuɗin na hannun wa?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda bai shiga kasafi ba sai 2018. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki, kuma Kano na da mazaɓu 484. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka kansila da shugaban ƙaramar hukuma da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha duk suna da amsar da za su bayar.

Matasan da ke cika dandalin Facebook da muhawarar wane gwani ya fi wane suna iya ɗaukar tambayoyin nan zuwa asibitin mazaɓarsu. Ungozoma nawa aka tura, nawa ne ke kwana? Akwai ledar awon jini a ɗakin haihuwa? Firijin oksitosin na aiki? Idan aka ce a wuce gaba, motar wa za a hau, wa zai zuba mai? Littafin da ake rubuta haihuwa da mutuwa, irin wanda Farfesa Galadanci da abokan aikinta suka fara da shi a 2008, yaushe rabon da wani daga sakatariya ya buɗe shi?