Bitamin B9 da Maganin Kuturta

Zancenmu na yau ya shafi wani bitamin da ake kira folat, wato B9, da yadda bukatar da ƙwayar kuturta take da ita gare shi ta zama lagonta.

Kowace halitta tana bukatar folat kafin ƙwayoyin jikinta su rabu su hayayyafa. Mu 'yan Adam a cikin abinci muke samunsa, kamar alayyafo da wake da hanta. Ita kuwa ƙwayar kuturta, wadda Hansen ya gano a ƙasar Norwe cikin 1873, tilas ta ƙera nata da kanta daga wani sinadari mai suna PABA. To, maganin nan dafson ya yi kama da PABA ƙwarai da gaske, har ƙwayar cutar takan ɗauke shi a maimakonsa. Sai ta zama kamar magini da aka miƙa wa tubalin toka: gini ya tsaya, hayayyafa ta tsaya. Shi kuwa majinyaci, da yake jikinsa ba ya wannan ƙira, nasa folat na nan a ƙwaryar tuwo.

Tun 1908 aka haɗa dafson a Jamus, amma aka daɗe ana tsoron dafinsa. A 1941 aka fara yi wa kutare allurar wani ɗan'uwansa, Promin, a Carville ta Amurka. Sa'an nan a ƙarshen shekarun 1940 Dakta John Lowe, a asibitin kutare na Uzuakoli da ke Jihar Abiya ta yau, ya nuna cewa ɗan kaɗan na dafson, a haɗiye shi ta baki, ya isa. A ganina wannan aiki bai sami yabon da ya cancanta a wurinmu ba, domin shi ya sa magani ya yi araha, har kuturu ya iya karɓarsa yana zaune a garinsu.

Amma fa dafson hana ƙwayar yaɗuwa yake yi, ga ta kuma da nawa, takan yi kusan mako biyu kafin ta rabu sau ɗaya. Saboda haka mutane suka yi shekaru suna shan magani, waɗansu suna sha suna fashi. A 1964 aka tabbatar a Malesiya cewa akwai ƙwayoyin da suka sauya ma'aikatarsu ta folat, dafson ya daina ruɗinsu. Wannan ne ya sa a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gama shi da rifamfisin da kilofazimin. Yanzu wata 6 ko 12 ake yi ana sha, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Idan likita ya yi zaton cuta ta bijire, masu bincike sukan duba ƙwayar gadon nan da ke sarrafa folat, mai suna folP1, su ga ko ta sauya.