Ranar da Ba ta Faɗuwa ko Daren da Ba ya Wayewa: Yaushe Ya Fi Dacewa a Bi Gaɓar Tekun Norwe?

Kusan kullum da daddare akwai jirgin ruwa da ke tashi daga birnin Bergen na ƙasar Norwe ya nufi arewa, yana bin gaɓar teku har Kirkenes, garin da ke dab da iyakar Rasha, sannan ya juyo. Yana tsayawa a tashoshi 34, zuwa da dawowa kuma kan ci kwana 11. Wani kyaftin mai suna Richard With ne ya buɗe wannan hanya a 1893 da jirginsa Vesteraalen, yana ɗaukar wasiƙu da kaya da mutane tsakanin Trondheim da Hammerfest. Kamfanin Hurtigruten ya daɗe yana riƙe da ita, sai a 2021 kamfanin Havila ya shigo da nasa jiragen. Har gobe jiragen haya ne: ɗan yawon buɗe ido na zaune a kujerarsa, ga mutumin ƙauye ya shigo da motarsa zai sauka a tasha ta gaba. Kuma ba sa hutu, domin igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko tana hana tashoshin daskarewa ko da tsakiyar hunturu. Saboda haka duk mai niyyar wannan tafiya dole ya zaɓi wata, kuma wanda ya je a Yuni da wanda ya je a Disamba, in suka zauna ba da labari, sai ka rantse ba ƙasa ɗaya suka je ba.

Abin da ya raba su shi ne haske. Mu a nan ƙasar Hausa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, shi ya sa ba ma lissafi da shi. Can kuwa, da jirgi ya tsallake layin Aktik tsakanin Nesna da Ørnes, lissafi ya canja. A Tromsø rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli, kuma ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A Nordkapp, dutsen nan mai tsayin mita 307 da ke kallon tekun arewa, lokutan biyu sun fi haka tsawo.

Lokacin zafi dai cinikinsa a fili yake: duk abin da ka biya kuɗi don ka gani, za ka gan shi. Jirgin ba ya jiran gari ya waye kafin ya wuce wuri mai kyau, tafiyarsa yake yi dare da rana, wasu tashoshin ma minti 15 kawai yake yi. A Yuni wannan ba matsala ba ce, don ƙarfe 2 na dare tsibiran Lofoten na nan tarwai a gabanka. A watannin nan ne kuma jiragen suka saba ratsewa cikin Geiranger, mashigin ruwa mai zurfi tsakanin duwatsu da ruwa ke kwararowa daga samansu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Haka ma Trollfjord, wanda faɗin bakinsa bai fi mita 100 ba, inda jirgi ke shiga ya juya a ƙurya har mutum ya ji kamar zai taɓa dutse da hannu. Da hunturu ba a shiga can, saboda tsoron ƙanƙarar da ke zabtarowa daga kan duwatsu.

Sai dai kada sunan lokacin zafi ya yaudari kowa. Matsakaicin yanayin Tromsø a Yuli wajen digiri 12 ne kawai, Bergen kuwa ana ruwa a cikinsa fiye da kwana 200 a shekara, kuma hazo kan rufe Nordkapp har mutum ya tsaya a bakin dutsen bai ga teku ba. Kuɗin ɗaki a jirgi a nan yake kai maƙura, ga cunkoso, musamman a Yuli da 'yan ƙasar kansu ke hutu. Barci ma sai an yi da gaske. Jiki ya saba duhu ne ke ce masa ya kwanta, to ga shi duhun ya ƙi zuwa.

Hunturu shi kuma abu guda yake tallatawa, wato hasken nan kore, wani lokaci da ratsin ja ko shunayya, da ke rawa a sararin sama da dare. Ƙwayoyin da ke tasowa daga rana ne maganaɗisun duniya ke jawowa wajen ƙuryar arewa, su yi karo da iskar sama a nisan kilomita 100 ko fiye, sai ta haskaka. Arewacin Norwe yana daidai ƙarƙashin zoben da abin ya fi faruwa, jirgi kuma yana nesa da fitilun gari, ma'aikata ma kan sanar da fasinja a ɗakunansu in ya bayyana. Amma sai abu uku sun haɗu: duhu, da sama garau, da motsin ita ranar. Biyu daga ciki ba a hannun kowa suke ba. Gaɓar teku kuwa gidan gajimare ce, ana iya shafe kwanaki a jere ba a ga ko tauraro ba. Hurtigruten ya san da haka, shi ya sa yake alkawarin ba da wata gajeriyar tafiya kyauta ga wanda ya yi cikakken zagaye a lokacin duhu hasken bai fito ba. Ga Bajamushe ko Baturen Ingila wannan alkawari ne mai daɗi. Ga wanda sai ya sake neman bizar Shengen ya kuma sake yankar tikitin jirgin sama daga Abuja ko Yamai, bai rage masa asara sosai ba.

Daren hunturun ma ba baƙi ƙirin ba ne yini guda. Da tsakar rana akan samu 'yan awoyi na wani shuɗin haske irin na bayan magariba, dusar ƙanƙara tana ƙara masa ƙarfi, kuma masu ɗaukar hoto suna mutuwar son sa. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: a Disamba mafi yawan gaɓar da mutum ya zo gani a cikin duhu zai wuce ta. Sanyin kuwa bai kai yadda ake zato ba a kudu, inda Bergen ke zama sama da sifili kaɗan a Janairu, Tromsø kuma wajen digiri 4 ƙasa da sifili. Kirkenes ce ke da cizo, don takan wuce 10 ƙasa da sifili. Iskar da ke kaɗawa a saman jirgi ita ke ninka abin, kuma a nan ake tsayuwa jiran haske. Rigar sanyin da ke isar mutum a Jos cikin Janairu, a can rigar ciki ce. Kuɗin takalmi da safar hannu da sauran tufafi kan cinye wani kaso na rangwamen da aka samu a tikiti.

Akwai kuma batun teku, wanda masu talla ba su cika ɗaga murya a kansa ba. Yawancin hanyar a bayan tsibirai take, ruwa a kwance. Amma akwai wurare da jirgi ke fita fili, irin su Stad da Hustadvika da Folda da Vestfjord, da kuma gabashin Finnmark da ke fuskantar tekun Barents. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu guguwa ta fi yawa, kyaftin kan tsallake tasha in shiga ba za ta yiwu ba, hanyar motar Nordkapp ma sai a ayari bayan motar share ƙanƙara, wata rana a rufe ta ɗungurungum. A Hustadvika ne injinan jirgin yawon shaƙatawa Viking Sky suka mutu cikin guguwa ranar 23 ga Maris 2019, da mutum 1,373 a ciki, har aka kwashe sama da 470 da jirage masu saukar ungulu kafin ya isa tasha. Ba a rasa rai ba. Wanda ya san ko kwalekwale yana sa shi jiri, wannan kaɗai ya ishe shi ya zaɓi Yuni.

Abin da ke jan ni zuwa ƙarshen hunturu kuwa kifi ne. Daga Janairu zuwa Afrilu wani babban kifi da 'yan ƙasar ke kira skrei yana gangarowa daga tekun Barents zuwa Lofoten don ya yi ƙwai, kuma ƙarnoni ke nan rayuwar tsibiran a kansa ta dogara. Ana fede shi, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a kan manyan rumfunan katako, ba gishiri ba hayaƙi, iska da sanyi kawai ke busar da shi har wajen Mayu ko Yuni. Yanayin wurin ne ya dace: sanyin ya isa ya hana ƙuda da ruɓewa, bai kuma kai ya lalata naman ba. Mafi kyawunsa Italiya ake kai wa, kawunan da wani kaso na jikin kuwa Najeriya ce babbar kasuwarsu. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake gani a kasuwar Sabon Gari, wanda 'yan ƙabilar Ibo ke kira okporoko, daga irin waɗannan rumfuna ya fito. Wanda ya iso a Maris zai tarar da kwalekwalen masunta suna shige da fice, rumfuna sun cika maƙil, gari duk ƙarni. Wanda ya iso a Yuli katako zai tarar tsirara.

Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi. In rana ba ta faɗi ba, yaushe ne magariba? Malamai sun ba da mafita biyu, ko a bi lokutan Makka ko na gari mafi kusa da dare da yini ke rarrabuwa, kuma jama'ar masallacin Alnor na Tromsø da Makka suke aiki a irin waɗannan watanni. Abin yana yiwuwa, amma yin isha'i rana na dukan fuska sai mutum ya daure wa zuciyarsa. A 'yan shekarun nan kuma watan azumi yana faɗawa tsakanin Fabrairu da Maris, yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka a duba kalanda kafin a biya kuɗi.

A ganina, tsakiyar kowane lokaci, wato Yuli da Disamba, su ne mafi raunin zaɓi, ko da yake su aka fi rububi. Mai zuwan fari, wanda wataƙila ba zai sake komawa ba, ya nufi farkon Yuni. Rana ta riga ta daina faɗuwa a arewa, an buɗe Geiranger, ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan duwatsu ba, ruwan da ke kwararowa yana da ƙarfinsa, ruwan sama bai kai na kaka ba, taron Yuli kuma bai iso ba. Wanda kuwa hasken dare ne ya hana shi sukuni, ya haƙura da Disamba ya jira Maris. A lokacin yini ya kusa awa 12, ana ganin ƙasa da rana ana jiran sama da dare, hasken ma yakan fi motsi a kusa da lokacin da dare da yini ke daidaita, ga kamun kifi yana tsaka, ga salla a kan lokutan da aka saba. Guguwa dai tana nan, Viking Sky ma ai a Maris abin ya same shi.

Duk watan da aka zaɓa, in aljihu zai ɗauka a yi zuwa da dawowa, domin an tsara jadawalin ne yadda yawancin tashoshin da aka wuce da dare a hanyar arewa za a biyo su da rana a hanyar kudu. A Yuni rabin tafiya ma ya wadatar. A Maris kuwa wanda ya sauka a Kirkenes ya hau jirgin sama ya bar tashoshi da dama bai ga ko launin gidajensu ba.