Injiniyan allo da injiniyan sifana

Tun shekarun 1940 ake noma da injina a ƙasar Gadarif da ke Sudan. Duk wanda ya bi hanyar Gallabat ya ratsa ta Doka zai ga taraktoci a bakin gonakin dawa da riɗi. Amma ranar da famfon dizal ya ƙi, makaniken kasuwa ake nema, wanda ya koyi aikin hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Ba kasafai ake tuna mai digiri ba, kuma ɗaliban injiniyanci sun san dalili.

Kukansu ɗaya ne: allo ya yi yawa, ƙarfe ya yi kaɗan. Shekara 5 ɗalibi yana zana injin a takarda, idan aka shiga ɗakin gwaji sai a taru a kan na'ura guda, malami ya murɗa, na gaba su gani, na baya su kwafi sakamako. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula lamarin. Jami'o'in Khartum sun watse, ta Jazira da ke Wad Madani ta bi sahu a Disambar shekarar, karatu ya koma waya. Lissafi dai ana iya turo shi ta WhatsApp. Walda fa?

A Najeriya ma haka zancen yake. Tun 1973 aka ɓullo da shirin SIWES don tura ɗalibai masana'antu, amma za ka ji suna cewa samun gurbi sai da hanya, wani kuma sa hannu a littafin aiki kawai yake zuwa karɓa.

Sai dai ba ko'ina nake tare da ɗalibai ba. Masu cewa lissafin shekarun farko ɓata lokaci ne sun yi gaggawa. Madatsar ruwan Atbara da Setit da ke Sudan, wadda aka buɗe a 2017, ba da ƙiyasin ido aka gina ta ba. Ɗan aji biyu bai isa ya yanke wa manhaja hukunci ba tukuna, amma a kan ko na'urar gwaji tana tashi, ko mutum nawa ke layi a kanta, shaidarsa ta fi ta baƙon da ya zo tantancewa ya kwana biyu ya tafi.

Ga kuma garejin manyan gonakin Gadarif, inda ake kwance taraktoci a ɗaure kafin saukar damina. Jami'a za ta iya kai ɗalibanta can a waɗannan watannin, a ba su maki a kan injin da suka tayar.