Dalilin da ya sa yin ribas da tirela ke gagarar direbobi da dama

A tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas, ko a wuraren da manyan motoci ke yada zango irin su Ogere, Tafa da Marabar Jos, ba a tafiyar dogon zango ake gane ƙwarewar direban tirela ba. Ana gane ta ne a lokacin da za a mayar da motar baya a cusa ta tsakanin wasu motoci biyu, ko a daidaita bayanta da ƙofar rumbun ajiya domin sauke kaya.

Tushen wahalar yana cikin ƙirar motar. Tirela kashi biyu ce: kai, inda inji da direba suke, da kuma bodi mai ɗaukar kaya. Wani ƙarfe mai kauri da ke ƙasan gaban bodin ne ke shiga cikin faifan ƙarfen da ke bayan kan ya kulle, kuma a wannan mahaɗa ce kaɗai motar ke lanƙwasa. Idan ana tafiya gaba, kan yana jan bodin ne, don haka ko ya ɗan karkace zai dawo layi da kansa. A ribas kuwa tura shi ake yi, kuma duk wata 'yar karkata ƙaruwa take yi matuƙar ba a gyara ta ba.

Wannan ne ya sa sitiyari ke aiki a juye. Mai tura kurar ruwa idan yana son gabanta ya nufi hagu, sai ya karkata hannayensa zuwa dama. Haka abin yake ga tirela: direban da ke son bayan bodin ya nufi hagu, dama zai fara murza sitiyari, domin kan motar ya tura gaban bodin zuwa dama. Da zarar bodin ya ɗauki kwanar da ake so, sai ya mayar da sitiyarin hagu domin kan ya bi sawunsa. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, domin sukan makara wajen mayar da sitiyarin, sannan su murza shi fiye da kima don cike giɓin, motar ta dinga tafiya kamar maciji.

Masu koyar da tuƙi na amfani da dabaru biyu wajen rage wannan ruɗani. Ta farko ita ce a ɗora hannu a ƙasan sitiyari, duk ɓangaren da hannun ya nufa can bayan bodin zai nufa. Ta biyu ta shafi komawa baya a miƙe: idan bodin ya fara cika madubin hagu, a ɗan murza sitiyari zuwa hagu, idan na dama ne a murza zuwa dama, kuma kaɗan-kaɗan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne gajeren bodi ya fi dogo wuyar sarrafawa. Iya tazarar da ke tsakanin mahaɗa da tayoyin baya, iya jinkirin da bodin ke yi kafin ya juya. Bodin da ke ɗaukar kwantena mai ƙafa 40, wato kimanin mita 12, yana ba direba lokacin gyara, alhali mai ƙafa 20 kan karkace nan take. Tankar mai da ba ta cika ba ita ma tana da tata matsalar, domin man da ke ciki yana kai-komo duk lokacin da aka taka birki.

Idan kwanar ta yi tsanani, motar na iya naɗewa kamar aska mai ninkewa, bodin ya daki gefen kan, ya lalata wayoyin lantarki da bututun iskar birki da ke tsakaninsu. Idan aka kai kusa da wannan matsayi, murza sitiyari ba ya ƙara amfani. Mafita ita ce a tsaya, a sa giyar gaba, a ja motar ta miƙe, sannan a sake gwadawa. Ƙwararrun direbobi ba sa ɗaukar hakan abin kunya, ko da kuwa na baya sun cika wurin da oda.

Akwai kuma batun ɓangaren da za a karkata. Tun daga 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kujerar direba tana hagu ne, saboda haka idan bodin ya lanƙwasa zuwa hagu direba na iya leƙawa ta taga ya ga tayoyinsa na baya. Idan ya lanƙwasa zuwa dama kuwa, madubin wancan gefe gangar jikin bodin kawai zai nuna masa. Shi ya sa gogaggen direba kan gwammace ya zagaya ya sake shigowa ta inda wurin zai kasance a hagunsa.

Abin da ke daidai bayan bodin kuwa babu madubin da ke nuna shi, kuma a kasuwa irin Mile 12 ko Dawanau nan ne 'yan dako, masu talla da 'yan acaɓa ke giftawa. Aikin yaron mota ke nan: ya tsaya a gefe inda direba ke ganinsa a madubi, ba a bayan motar ba, su kuma daidaita a kan alamun hannu tun kafin a fara, domin ƙarar inji na danne murya. Da zarar ya ɓace daga madubi, direba ya taka birki.

A tsarin lasisin tuƙi na ƙasa, wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988, ke sa ido a kansa, motoci masu mahaɗa irin tirela suna da ajinsu na daban, wato ajin G. Lasisin ƙaramar mota bai ba mutum izinin tuƙa su ba, ko da matsar da motar ce kawai daga bakin titi zuwa cikin gareji, aikin da a tashoshi da dama ake bar wa yaran mota.